Kiɗan birni a gonar shanu: abin da ya kai bukukuwan rok karkara, da abin da ya kore su

Tsakanin 1968 da 1972 an yi wani yayi a karkarar Amurka da Ingila wanda bai daɗe ba, amma ya bar tabo. Manomi zai kwanta gonarsa ba kowa sai shanu, bayan 'yan makonni ya wayi gari da mutum dubu talatin, ko dubu ɗari, ko ma dubu ɗari huɗu, sun shimfiɗa barguna a kan ciyawar da ya tanadar wa dabbobinsa. Abin da ya tara su kiɗan rok ne, kiɗan nan na jitar lantarki da ganguna mai tsananin ƙara, wanda a wancan zamani shi ne abin da samari da 'yan matan Turawa suka ɗauka a matsayin nasu. Kwana uku a yi ta cashewa dare da rana a sarari, sannan kowa ya kama gabansa, a bar mai gona da taɓo da shara da maƙwabta masu huci.

Bayanin da aka fi bayarwa shi ne wai matasan sun gaji da birni, sun gaji da yaƙin Biyetnam da tsarin iyayensu, shi ya sa suka nufi daji don su shaƙi iska su taka ƙasa da ƙafa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai duk wanda ya bi sawun yadda aka zaɓi filayen zai ga cewa da dama daga cikin waɗannan taruka ba a gona aka shirya yin su tun farko ba. Wani wuri aka nema, aka kore su, suka faɗa gona don ita ce wurin da doka ba ta riga ta isa ba. Ni a ganina nan ne zancen yake. Abin da ya kai tarukan gona shi ne kuma ya kashe su, kuma 'yan kaɗan da suka rayu sun rayu ne don an samu wanda zai ci gaba da zama a ƙauyen bayan an watse.

Abubuwa da yawa ne suka haɗu a lokaci guda. Daga 1946 zuwa 1964 an haifi yara kusan miliyan 76 a Amurka, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1960 na gaba-gabansu sun kai munzalin shiga jami'a ko a ɗauke su soja. Suna da motoci, mai yana da araha, ga manyan hanyoyin da gwamnatin tarayya ta fara shimfiɗawa tun dokar 1956. Sannan ga batun sauti. A 1965, lokacin da Beatles suka yi wasa a filin Shea da ke New York gaban mutum fiye da 55,000, ihun 'yan kallo ya danne kiɗan gaba ɗaya, har su kansu makaɗan ba sa jin abin da suke bugawa. Shekara huɗu kacal bayan haka injiniyoyi irin su Bill Hanley sun iya kafa hasumiyoyin lasifika da ke kai sauti ga mutanen da ke can ƙarshen tudu. Da zarar an samu wannan, ba a bukatar zaure kuma. Fili mai gangare da janareta sun wadatar.

A ɗaya ɓangaren kuma ƙananan manoma na cikin matsi. A 1935 Amurka na da gonaki kusan miliyan 6.8, amma zuwa 1970 ba su kai miliyan uku ba. Manya na haɗiye ƙanana, 'ya'ya na tafiya birni, bashin banki na jira. Idan wani saurayi mai dogon gashi ya zo da kuɗi a hannu ya ce a ba shi aron fili na kwana uku, kuma kuɗin ya fi abin da filin zai kawo a shekara, da wuya mai gona ya ce masa ya ƙara gaba. Abin da ya fi muhimmanci ga masu shirya taron shi ne sa hannun mutum ɗaya ya wadatar. A birni sai an bi ta hannun 'yan sanda da hukumar kashe gobara da masu filin wasa da ƙungiyar ma'aikata. A karkara, yawancin ƙananan hukumomi ba su da ko layi ɗaya a littafin dokokinsu game da taron mutum dubu hamsin, don ba wanda ya taɓa zaton za a wayi gari da bukatar haka.

Ɗaya daga cikin na farko-farko shi ne bikin Sky River, wanda aka yi a ƙarshen Agusta 1968 a wata gonar 'ya'yan itace kusa da garin Sultan a jihar Washington. Amma wanda duniya ta sani shi ne Woodstock, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, don duk abin da ya faru daga baya akwai irinsa a ciki.

Ba a garin Woodstock aka yi shi ba. Mutum huɗun da suka shirya shi, Michael Lang da Artie Kornfeld da John Roberts da Joel Rosenman, sun yi hayar wani filin masana'antu ne a garin Wallkill na jihar New York, har an fara aiki. Mutanen gari suka tayar da ƙayar baya. A farkon Yulin 1969 hukumar garin ta kafa dokar cewa duk taron da ya wuce mutum 5,000 sai da izini, a tsakiyar watan kuma aka hana izinin, da hujjar cewa makewayin tafi-da-gidanka da za a kawo bai cika ƙa'ida ba. Saura wata ɗaya, an riga an sayar da tikiti da yawa, babu fili. A nan ne Max Yasgur ya shigo. Mutum ne ɗan shekara 49, mai gonar madara ta eka 600 a garin Bethel, fiye da kilomita 60 daga Woodstock, kuma yana cikin manyan masu samar da madara a gundumar Sullivan. Ba ɗan yayi ba ne ko kaɗan: ɗan jam'iyyar Republican ne, mai goyon bayan yaƙin da waɗannan yaran ke zagi. Ya ba da hayar wani fili mai kama da kwano, mai gangarowa zuwa wani tafki, a kan kuɗin da aka fi ambata dala 75,000. Da maƙwabta suka kafa allo a bakin hanya suna kiran mutane su daina sayen madararsa, sai ya ƙara kafewa. Ya ce ba ya son kamannin yaran, amma ba za a hana su taruwa don kamanninsu ba.

An gaya wa hukumomin Bethel cewa mutum kamar 50,000 ake sa rai. Amma kafin ranar taron an sayar da tikiti wajen 186,000, na kwana uku dala 18. Garin kuwa mazaunansa ba su kai 3,000 ba. Wata ɗaya bai isa a gina dandamali a kuma zagaye fili da shinge da rumfunan karɓar tikiti ba, don haka aka zaɓi dandamali. Kafin ranar Juma'a 15 ga Agusta dubban mutane sun riga sun zauna a cikin filin, ba wanda ya tambaye su komai. Aka yanke ɗan shingen da ke akwai, aka sanar cewa kiɗa ya zama kyauta. Fiye da mutum 400,000 suka hallara. Hanyoyi suka toshe, mutane suka bar motocinsu a tsakiyar titi suka taka da ƙafa, makaɗa sai da jirgi mai saukar ungulu aka riƙa shigo da su. Richie Havens ne ya buɗe don waɗanda aka tsara su fara suna can cikin cunkoso. Ruwan sama ya sauko, abinci ya ƙare, gunduma ta ayyana dokar ta-ɓaci, jiragen soja suka kawo likitoci da kayan abinci, matan garuruwan kusa suka yi ta haɗa burodi ana kaiwa. Jimi Hendrix bai hau dandamali ba sai safiyar Litinin, lokacin da yawancin jama'a sun riga sun tafi.

An rabu ba tare da tarzoma ba, wannan gaskiya ne, kuma shi ne abin da Yasgur ya yaba lokacin da aka miƙa masa lasifika ranar Lahadi. Amma a cikin waɗanda suka mutu akwai wani yaro ɗan shekara 17 da tarakta ta bi ta kansa yana barci cikin bargonsa a wani fili da ke kusa. Direban bai gan shi ba. A gona ake, kuma injin gona ba a yi shi don ya ratsa tsakanin masu barci ba.

Yanzu a duba lissafin kuɗin. Taron kiɗa a fili yana da wata matsala da zaure ba shi da ita, wato ƙofa. Zaure ana gina shi da bango, wanda bai biya ba ya tsaya a waje, ba ya gani ba ya ji. Gona kuwa ta ko'ina ƙofa ce, kuma sautin da aka sha wahalar ƙarfafawa yana kaiwa ga wanda ya biya da wanda bai biya ba. Ga shi kuma a tsakanin matasan lokacin akwai aƙidar cewa kiɗa na jama'a ne, sayar da shi cin amana ne, don haka tsallake shinge ba a ɗauke shi sata ba, abin alfahari ne. Masu Woodstock sun tashi da bashin fiye da dala miliyan ɗaya. Abin da ya cece su fim ɗin taron ne da ya fito a 1970, wanda ya ci lambar Oscar, da faya-fayan da aka sayar, kuma duk da haka sai wajen 1980 suka gama fita daga ramin. Waɗanda suka kwaikwaye su sun ga taron jama'a a majigi, ba su ga littafin bashi ba. Su kuma ba su da kamfanin fim a bayansu.

Akwai kuma lissafin da ba ya shiga littafin kowa. Wanda ya san kalankuwa a ƙasar Hausa ya san cewa ba a yin ta sai an kawar da amfanin gona, masu zuwa daga ƙauyukan kewaye suke, an san iyayensu, kuma da sanin mai gari. Waɗannan taruka sun saɓa wa duka ukun. Ana yin su ne a tsakiyar lokacin noma, masara na tsaye, ciyawa ba a yanka ba. Masu zuwa baƙi ne daga jihohi masu nisa da ba za su sake dawowa ba. Kuma mutum ɗaya ne ya karɓi kuɗi, amma gari guda ne ya ɗauki nauyi. Maƙwabcin da bai ga ko sisi ba shi aka tattake wa shuka, aka ƙone masa itacen shinge don jin ɗumi, aka yi bayan gida a gonarsa. A yankin masu madara abin ya fi muni, don saniya sai an tatse ta safe da yamma, kuma idan motar ɗaukar madara ta kasa shigowa kwana uku, zubarwa za a yi.

Saboda haka abin da ya biyo baya a Bethel ba abin mamaki ba ne. A zaɓen Nuwamba 1969 aka kayar da shugaban hukumar garin, Daniel Amatucci, wanda ya yarda aka yi taron. A Janairun 1970 maƙwabta suka maka Yasgur a kotu suna neman diyya. Ya ƙi sake ba da filin a shekarar da ta biyo, ya sayar da gonar a 1971, ya koma Florida, ya rasu a Fabrairun 1973 yana da shekara 53. Makaɗa sun samu suna, masu shiryawa sun koma birnin New York, shi kuwa a garin da ya kwashe shekaru yana noma aka daina yi masa kallon na gida.

Shekarar 1970 ita ce ganiyar abin, kuma a ita ce aka fi ganin ƙananan taruka na yanki, waɗanda ba su shiga fim ba amma har yau dattawan garuruwan na ba da labarinsu. A Afrilu aka yi Sound Storm a gonar wata dattijuwa kusa da Poynette a jihar Wisconsin, mutum kamar 30,000, Grateful Dead suka yi wasa. A ƙarshen Mayu aka yi na Kickapoo Creek a wata gona kusa da Heyworth a Illinois, duk da kotu ta hana, B.B. King na cikin waɗanda suka hau dandamali, aka kwana cikin laka. A ƙarshen Yuli wani taron da aka shirya yi a Galena ta Illinois ya ci karo da kotu, sai masu shi suka tsallaka Iowa suka samu gona kusa da Wadena, ƙauyen da mutanensa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, aka tara wajen mutum 40,000. Salon ya zama ɗaya a ko'ina: a ɓoye wurin har sai lokaci ya ƙure, a bar jama'a su taru, sannan a ce wa alƙali ga su nan, wa zai kore su? Yawanci ba mai iyawa. Shugaban 'yan sandan gunduma mai ma'aikata goma ko ashirin ya san cewa tarwatsa mutum dubu arba'in ya fi barinsu haɗari. A Powder Ridge ta jihar Connecticut, wanda shi filin wasan ƙanƙara ne ba gona ba, umarnin kotu ya hana yawancin makaɗa zuwa amma bai hana 'yan kallo ba. Mutum kusan 30,000 suka zauna kwanaki babu wani kiɗan kirki, sai masu sayar da ƙwaya suna cin kasuwarsu.

Inda wannan wasan ɓuya ya kai maƙura shi ne Bull Island a farkon Satumba 1972. An shirya taron ne a Chandler ta jihar Indiana, kotu ta hana, gunduma bayan gunduma suka rufe ƙofa. Masu shiryawa suka gano wani fili da kogin Wabash ya canza hanya ya bar shi a gefen Indiana, alhali a takarda na Illinois ne. Kotun Indiana ba ta da iko a kai, hukumomin Illinois kuma kogi ya raba su da shi. An yi tsammanin mutum 55,000, aka samu fiye da 200,000. Babu isasshen ruwa, babu makewayi, manyan makaɗan da aka tallata irin su Black Sabbath da Joe Cocker ba su yi wasa ba. Aka wawashe motocin abinci, a ƙarshe aka cinna wa dandamali wuta. Wurin da doka ba ta kai ba aka nema, aka kuwa samu, har da abin da ke zuwa tare da shi.

Jihohi da gundumomi ba su tsaya jiran wannan ba. Tun bayan Woodstock, da kuma kisan da aka yi wa wani matashi a gaban dandamali a Altamont ta California a Disambar 1969, aka shiga kafa dokokin manyan taruka. Abin sha'awa shi ne dokokin ba su ambaci kiɗa ba. Tsarin mulkin Amurka ya kare 'yancin taro da na faɗin albarkacin baki, don haka ba za a ce an hana rok ba. Sai aka bi ta makewayi. Makewayi nawa ga mutum nawa, ruwan sha galan nawa a rana, likita nawa, hanya nawa ta shiga da fita, inshorar nawa, kuɗin ajiya nawa don gyaran ɓarna, kuma a nemi izini watanni kafin ranar. Mai shirya taron da jarinsa duka tikitin da bai riga ya sayar ba ne, ina zai samo wannan?

Masu kewar wancan zamani kan ce dokokin fakewa ce da guzuma, manya ne kawai ba sa son dogon gashi da tabar wiwi. Ba su yi ƙarya ba, a wurare da dama niyyar kenan, kuma Wallkill shaida ce. Amma ban yarda shi ke nan ba. Mutum dubu hamsin na bukatar ruwa ko ana son su ko ba a so, kuma wanda ya gayyace su ba tare da tanadi ba ya ɗora nauyin ne a kan matan ƙauye da asibitin gunduma da mai gonar da ke kusa. Dokar da aka kafa da mugun nufi tana iya zama daidai a ƙa'idarta. Illarta ita ce ta share mai kyau da marar kyau tare, don ƙaramin taron mutum dubu uku da samarin yanki ke shiryawa a gonar kawunsu ma ya faɗa cikin ragar. Manyan kuwa sai suka koma inda akwai katanga da makewayi tun asali, wato filayen ƙwallo da na tseren motoci. A Watkins Glen, filin tseren mota a jihar New York, an tara kusan mutum 600,000 a Yulin 1973. Kai, har Farm Aid, taron da Willie Nelson da Neil Young da John Mellencamp suka shirya a 1985 don tallafa wa manoman da bashi ya ci, a filin ƙwallon jami'a aka yi shi a Champaign, ba a gona ba.

Ingila ta bi hanya mai kama da wannan har zuwa wani wuri. Bikin tsibirin Wight ya fara ne a 1968 a wata gona kusa da Godshill da mutum kamar 10,000. A 1969 Bob Dylan ya zo, jama'a suka ninka sau da yawa. A 1970 aka tura shi Afton Down, fili mai tudu a gefensa, wanda duk mai so zai hau ya kalla kyauta. Dubban ɗaruruwa suka zo tsibirin da mazaunansa ba su fi 100,000 da 'yan kai ba, aka yi ta kokawa da shinge, kamfanin ya karye. A 1971 majalisar dokoki ta zartar da doka ta musamman ga tsibirin: ba kwanan taron mutum fiye da 5,000 sai da lasisi. Ba a sake yin bikin ba sai 2002. A Weeley ta yankin Essex ma, a 1971, wata ƙungiyar agaji ta garin Clacton ta shirya ɗan taro don tara kuɗi, ta tsinci kanta da mutum fiye da 100,000. Sai dai yunƙurin da aka yi a 1972 na shimfiɗa irin dokar Wight a kan ƙasar baki ɗaya bai tsallake majalisa ba, kuma wannan ya bar 'yar kafa.

Ta wannan kafa Michael Eavis ya bi. Ya gaji gonar Worthy a ƙauyen Pilton na yankin Somerset a 1954 yana ɗan shekara 19, eka 150 da shanu 60, bayan rasuwar mahaifinsa. A 1970 ya je wani taro a Shepton Mallet da ke kusa ya ga wasan ƙungiyar makaɗa ta Led Zeppelin, ya dawo da shawarar yin nasa, da fatan rage bashin banki. Ranar 19 ga Satumba 1970, kwana ɗaya bayan mutuwar Hendrix, mutum kamar 1,500 suka zo. Kuɗin shiga fam ɗaya, da madarar gona kyauta. Ya yi asara, har Marc Bolan da ya zama babban makaɗin ranar sai kaɗan-kaɗan ya riƙa biyansa daga kuɗin madara. Wannan ɗan taro shi ne Glastonbury, wanda yanzu yake ɗaukar mutum fiye da 200,000. Fela Kuti ya yi wasa a can a 1984, Burna Boy ya hau babban dandamalinsa a 2024.

Me ya raba Eavis da Yasgur? Dukkansu masu shanun madara ne, dukkansu maƙwabta sun yi fushi da su. Bambancin shi ne Yasgur haya ya bayar, Eavis kuwa shi ne mai taron. Wanda ya yi alkawari da wanda za a gani a coci ranar Lahadi mutum ɗaya ne. Ba shi da inda zai gudu, kakanninsa a ƙasar suke, don haka duk kuskuren bana dole ya gyara kafin baɗi. Hakan ya sa ya yi abubuwan da ɗan kwangilar kwana uku ba zai taɓa yi ba. Yana hayar filayen maƙwabta, su ma su samu rabonsu. Mutanen Pilton na samun tikiti. An gyara tsohon rumbun ƙauyen, an gina gidajen haya masu sauƙi don 'yan gari. Daga 1981 ya haɗa taron da ƙungiyar yaƙi da makaman nukiliya, daga baya da ƙungiyoyin agaji da kare muhalli na Oxfam da Greenpeace da WaterAid, abin da ya samar masa dubban masu aikin sa kai da kuma masu kare shi idan an zo muhawarar lasisi. Dandamalin nan mai siffar dala da aka gina a 1981, da sanyi ya shigo rumfar shanu da ma'ajiyar ciyawa yake komawa, har gobara ta cinye shi a 1994. Bayan an watse ana jan maganaɗisu da tarakta a kwashe ƙusoshin tanti don kada saniya ta haɗiye. Kuma bayan 'yan shekaru akan tsallake shekara guda a bar ƙasa ta huta, kamar yadda aka yi a 2006 da 2012 da 2018. Ɗan kasuwar da ya ci bashi ya shirya taro ba zai yarda da shekara babu ciniki ba. Manomi ya san dalili.

Kada a ɗauka tafiyar ta yi sumul. An yi arangama da ayarin matafiya masu zama a motoci a 1990, har aka fasa na 1991. Kotu ta ci tarar kamfanin bayan ƙazanta ta malala cikin rafin Whitelake a 2014 ta kashe kifi. Kuma matsalar ƙofa ba ta bar shi ba sai da ya yi abin da 'yan 1970 za su kira cin amana. A 2000 dubun-dubatar mutane suka tsallake shinge, jama'a suka zarce abin da lasisi ya yarda nesa ba kusa ba. A ƙarshen Yunin wannan shekarar mutum tara suka mutu a turmutsutsu a bikin Roskilde na Denmark, hukumomi a ko'ina suka farka. Aka ci Eavis tara, ba a yi taron 2001 ba. Da aka dawo a 2002 an zagaye wurin da katangar ƙarfe ta kusan fam miliyan ɗaya, an kuma shigo da kamfanin Mean Fiddler ya riƙe tsaro da tsari. Daga 2007 sai ka yi rajista da hotonka kafin ka sayi tikiti. Na 2025 ya haura fam 370. Taron ya rayu, shanu na nan, amma yaron da ya zo da fam ɗaya a aljihu ba shi da hanyar shiga.

A Amurka, inda aka sake ganin babban taro a gona, tsarin ya juye. Bikin Bonnaroo ya fara ne a 2002 a wata gona ta kusan eka 700 a Manchester ta jihar Tennessee. A 2007 masu shirya shi suka sayi mafi yawan filin, suka ja wutar lantarki da bututun ruwa, suka gina hanyoyi na dindindin, a 2015 kuma kamfanin Live Nation ya sayi kaso mafi rinjaye. Masu zuwa har yanzu gona suke kiran wurin, amma babu manomin da za a je a roƙa, babu maƙwabcin da zai wayi gari da mamaki. Filin Yasgur shi ma ya samu irin wannan makoma. Hukumar Bethel ta kwashe shekaru tana hana masu zuwa tunawa da ranar taruwa a wurin, har wani attajirin yankin, Alan Gerry, ya saye shi a tsakiyar shekarun 1990. A 2006 aka buɗe cibiyar wasanni ta Bethel Woods a kan tudun, da rumfa da kujeru da wurin ajiye motoci, a 2008 aka ƙara gidan tarihi, a 2017 gwamnatin tarayya ta sa filin cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, kuma gundumar Sullivan da ta ayyana dokar ta-ɓaci a 1969 yanzu da sunan taron take tallar yawon buɗe ido.